Game Boy a cikin firem: ado ne ko ɓarna? Fashin baƙi daga Nima

Asabar ɗin da ta wuce na je aski nan unguwar Nima a Accra, shagon wani yaron layinmu da tun yana koyo nake miƙa masa kaina, ina zama kan kujera sai idona ya faɗa kan wani sabon firem da ya rataye saman madubi. Da farko na ɗauka irin hotunan ƴan ƙwallon nan ne, ashe Game Boy ce, ƴar na'urar gem ta hannu ta kamfanin Nintendo, tsohuwar nan mai ruwan toka, an kwance ta ɗaiɗai an jera kayan cikinta kan farin kwali kamar yadda mahauci ke jera nama a tire. Ga murfin gaba ga na baya, ga koren bod ɗin, ga gilashin allo, ga ƴar sifika, ga maɓallan nan biyu masu launin jan goro, harda robobin ƙarƙashin maɓalli da ƴan sukurori duk an jera su a layi an manne da gam. Wallahi abun yayi kyau, duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai.

To akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da tibi zaune kan benci yana jiran layi, wanda duk yaran unguwa Masta suke ce masa. Ya daɗe yana kallon firem ɗin bai ce komai ba, can sai ya ce, "Kai yaro, kafin a kwance ta, tana kawo wuta?" Mai askin ya ce, "Eh Baaba tana yi, allon ne kawai ya yi layi-layi." Masta ya girgiza kai. "Layi a allo ai aikin minti ashirin ne da ƙarfen dalma. Kun yanka saniya mai nono don ku rataye ƙaho a bango." Yaron bai yi shiru ba, cikin ladabi ya ce, "Baaba, shekara nawa tana cikin akwatin Hajiya ba wanda ya waiwaye ta, da ban ɗauko ba da ƴan kwandem masu sayen tsofaffin ƙarafa sun tafi da ita kan kuɗin koko."

Gardamar da aka yi a shagon nan ita ce dai ake ta yi yanzu a duniya tsakanin masu tara tsofaffin na'urorin gem da masu mayar da su kayan ado, kuma ta fi yadda take a ido zurfi. Ni a gem senta na tashi, abun yana taɓa ni ta kowane ɓangare, shi ya sa na ce bari in zauna in warware ta yadda na fahimta, in kuma faɗi inda na tsaya.

Da farko sai an rarrabe, sabida ba duk abin da ake kira fasaha da tsohon gem ne iri ɗaya ba. Akwai masu firem irin na shagon askin nan, wanda yanzu har kamfanoni sun shiga suna sayarwa a intanet. Akwai wanda zai ƙwaƙule cikin Nintendo ko PlayStation ya zubar, ya mayar da kwankon fitila ko agogon bango ko akwatin zuba tarkace, wani kuma ya saka ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi a ciki, waje tsoho ciki sabo. A duk waɗannan na'urar ta riga ta mutu, gawarta ake wa kwalliya. Amma akwai masu aiki da ita tana raye. Akwai makaɗan da ke haɗa kiɗa da sautin Game Boy kanta, su hau dandali da ita a hannu. A 2002 wani ɗan Amurka mai suna Cory Arcangel ya ɗauki kaset ɗin Mario na Nintendo, ya canza cif ɗin ciki ya goge komai da komai, ba Mario ba ƙasa ba tubali, ya bar gajimare kawai yana tafiya a shuɗiyar samaniya, aikin nan har gidan adana fasaha na Whitney a New York ya nuna shi. Sannan tun 2012 gidan MoMA, shi ma a New York, ya fara saka gem cikin kayan da yake adanawa, ya fara da guda 14 harda Pac-Man da Tetris. Kaga kenan ba sai an farfasa abu ba kafin a ga fasahar da ke cikinsa. Rigimar gaske tana kan na farkon ne, wanda in an yi shi ba komawa baya.

Hujjar masu firem ba ƙarama bace, lissafi ne. Game Boy ta fito a 1989, ita da ƙanwarta mai kala an sayar da sama da miliyan 118. Nintendo ta farko, wadda aka fitar a Japan a 1983 da sunan Famicom, ta wuce miliyan 61. PlayStation ta 1994 ta haura miliyan 100, PlayStation 2 ta shekarar 2000 kuwa ta wuce miliyan 155. Sai su ce maka, abin da aka ƙera miliyan ɗari, don na kwance guda ɗaya me tarihi ya rasa? Gidajen tarihi irin na Strong a Rochester ko na gem da ke Berlin ai suna da nasu, kamfanin Nintendo ma ya buɗe nasa gidan tarihin kusa da Kyoto a Oktoban 2024. Kuma abu na mutum ne, da kuɗinsa ya saya ko gado ya ci, ba wanda ya isa ya ce masa ga yadda zai yi da kayansa. In ka tsaya nan, sai ka ce magana ta ƙare.

Amma ba ta ƙare ba. Adadin da aka sayar daban, adadin da ya rage daban, kuma rijiya ce da ba a ƙara mata ruwa, kullum ɗiba ake. Tun shekaru da dama aka daina ƙera cif ɗin da ke cikin waɗannan na'urori, in na wata ya ƙone babu inda za ka samo sai cikin wata irinta. Wannan shi ne abin da ke damun irin su Masta fiye da komai, kuma masu firem ba su cika ganewa ba: matacciyar na'ura ma ba mushe bace a wurin mai gyara, a jikinta yake ciro sifika da allo da maɓalli ya tada wasu uku. In ka manne bod da gam mai ƙarfi a jikin kwali, ba ita kaɗai ka kashe ba, harda waɗanda za su rayu da kayanta. Ƙari kan haka, da zarar firem ya zama kasuwa, mai yi ba zai tsaya neman matacciya ba, mai kyan jiki zai nema, wadda ba ta ƙarce ba ba ta yi rawaya ba, don ita ce ke kyau a bango, kuma mai kyan jiki yawanci ita ce mai rai. Masu sayarwa da yawa suna cewa matattu kawai suke amfani da su, wataƙila wasu gaskiya suke faɗi, amma mai saye ba shi da hanyar tabbatarwa, gawa ba ta magana.

Sannan akwai hatsarin rashin sani. Wani abin kana ganinsa tarkace ashe irinsa a duniya ba su fi a ƙirga da yatsa ba. A farkon shekarun 1990 Nintendo da Sony sun taɓa haɗa kai za su yi na'ura ɗaya, daga baya suka ɓata, aka watsar da maganar. Guda ɗaya daga cikin na gwajin ta faɗa hannun wani mutum cikin tarkacen wani kamfani da ya karye, ya ajiye ta a gida shekaru bai san me ke hannunsa ba, a Maris ɗin 2020 aka yi gwanjonta dala 360,000. Da ya ga dama ya mayar da ita fitila fa? Haka kaset ɗin da kamfanin Atari ya binne a bolar garin Alamogordo na Amurka a 1983 don sun ƙi sayuwa, a 2014 aka zo da katafila aka tono, wasu aka yi gwanjo wasu suka tafi gidajen tarihi. Shekara 31 kacal tsakanin bola da akwatin gilashi.

To amma wai me ake son a adana ne ma, akwatin ko wasan da ke ciki? Nan masu adanawa su kansu sun rabu. Wasu na cewa roba da ƙarfe ba su ne abin kuka ba, wasan ne, a kwafe shi daga kaset zuwa kwamfuta a ajiye, a buga shi da emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura. Tun 1997 masu aikin MAME suke wannan hidima ta sa kai, kuma duk wanda ya taɓa buga Contra ko Mortal Kombat a wayarsa ya ci moriyar irin aikin nan ko bai sani ba. Kuma suna da dalilin damuwa, don binciken da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 babu su a kasuwa yanzu, ko kana da kuɗinka ba inda za ka saya sabo ta halal. A wannan shekarar ce kuma Nintendo ta rufe shagonta na intanet na na'urorin 3DS da Wii U. Da masu laburare suka nemi a ba su dama su riƙa bai wa masu bincike tsofaffin gem ta intanet, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi a Oktoban 2024. Wato kamfanoni ba sa sayarwa, kuma ba sa son wani ya raba. In ka duba ta nan, mai firem ba shi ne babban mai laifi ba ko kusa, yana can ƙasan layi.

Sai dai ni ban yarda cewa kwafi ya wadatar ba. Kun tuna bindigar gem ɗin nan ta harbin agwagwa? Je ka jona ta da filat tibi ta yanzu ka gani, ko ka harba sau ɗari ba agwagwar da za ta faɗo, sabida bindigar da tsohuwar tibi mai ƙusumbi aka ƙera ta, hasken allon take karantawa cikin ƙiftawar ido, sabuwar tibi kuwa tana ɗan jinkiri kafin ta nuna hoto, wannan ɗan jinkirin ya isa ya ɓata komai. Su kuma tibi masu ƙusumbin manyan kamfanoni sun daina yinsu, mu nan kullum fasa su ake don a ciro jan ƙarfen wuyansu. Ga nauyin pad, wato abin da ake riƙewa a danna wasan, a hannu, ga yadda babban yatsa ke yin kanta, ga hura kaset da baki kafin a zura, waɗannan babu manhajar da za ta kwafe su. Wanda ya ajiye waƙa a waya ya ƙone kalangu bai ajiye kiɗa duka ba.

Yanzu bari in zo kan abin da su kansu masu cewa "a bar ta yadda take" ba sa son ji. Jefa na'ura cikin akwati ka manta da ita ba adanawa bane. Waɗannan kayan suna ruɓewa da kansu. Kapasita na yoyo ta zubo wani ruwa da ke cin layukan bod, Game Gear ta Sega ta yi ƙaurin suna a wannan, haka Xbox ta farko ta 2001 akwai wata kapasita ta agogo a cikinta da masu sani ke cirewa tun kafin ta yi ɓarna. Ƴar batirin da ke cikin kaset mai riƙe inda ka tsaya tana mutuwa, da ta mutu duk abin da ka tara ya tafi. Idon da ke karanta faifai yana raunana, faifan ma na lalacewa, roba na yin rawaya ta yi gautsi. Wannan a ƙasashen sanyi kenan, to bare mu nan Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke cewa, inda iskar teku mai gishiri ke sa ƙarfe tsatsa, ga laimar damina, ga ƙurar hunturu, ga kyankyasai da ke son ɗumin cikin na'ura, ga ambaliyar da ke shiga ɗakuna kusa da babban gota. Nawa ne suka ƙone tun ranar farko sabida an kawo su daga Amurka ko Japan masu cin wuta 110 ko 100, yaro ya yi ɗoki ya jona kai tsaye da tamu mai 230 babu taransifoma mai ragewa? Nawa dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, ta kashe? Gaskiya ne na'urorin da suna da ƙarko, akwai wata Game Boy da bam ya babbake a yaƙin Gulf na 1991 kuma ta ci gaba da aiki, an daɗe ana nuna ta a shagon Nintendo na New York. Amma batir ɗin da aka manta a ciki ya fashe ya zubo farin gishirin nan yana yin abin da bam bai yi ba. Don haka da yaron nan ya ce tana cikin akwatin Hajiya ba mai waiwaya, ba ƙarya ya yi ba, a hankali take mutuwa a can ma.

Kuma a nan ne gardamar waje ta sha bamban da tamu. Su can, in mutum bai saka na'ura a firem ba, akwai mai tarawa da zai saya, akwai gidan tarihi, akwai mai gyara na musamman. Mu nan wanda ke jiranta a ƙofa shi ne yaron da ke tura kura yana kiran "kwandem, kwandem", shi kuma ba ruwansa da Mario, nauyi yake saye. Zai fasa ta da guduma, bod gefe ɗaya a buhu, waya a ƙone a ciri jan ƙarfe, roba a watsar. Ban ga laifinsa ba, abinci yake nema, yawancinsu ƴan'uwanmu ne daga Arewa da suka zo ci-rani, kuma su ke shaƙar hayaƙin da ke cin ƙirji. An rushe kasuwar ƙarafan Agbogbloshie a Yulin 2021, lokacin da aka tashi ƴan albasa zuwa Adjen Kotoku, amma sana'ar ba ta mutu ba, warwatsuwa ta yi cikin unguwanni. Dokar sharar lantarki ta 2016 tana nan a takarda. A duniya baki ɗaya an tara tan miliyan 62 na irin wannan shara a 2022, abin da aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. To in zaɓin da ke gaban matacciyar Sega shi ne bango ko wuta, wallahi ni bango na zaɓa, ko tantama babu.

Kuma mayar da tarkace abin kallo ba baƙon abu bane a Ghana, mu ne ma gwanayensa. El Anatsui, wanda ya yi karatu a Kumasi, da marafan kwalabe ya yi suna har aka rataye aikinsa a babban zauren Tate Modern na Landan a 2023. Serge Attukwei Clottey yana yanka rawayen galan ɗin nan da muke kira galan Kufuor ya ɗinke su. Ibrahim Mahama da tsofaffin buhunan koko da gawayi ya fara, daga baya ya sayi tsofaffin jiragen sama ya ja su har Tamale, yara na shiga ciki suna karatu. Amma ku lura da wani abu, marfin kwalba ya gama aikinsa, jirgin da ba zai sake tashi ba ya gama nasa. Ba wanda ya sauko da jirgi mai tashi don ya yi aji da shi. Tambayar Masta kenan, kuma ita ce tawa.

Abin da ya fi damuna ma ba Game Boy bace. Game Boy ta asali, ko duk na Nima sun ƙare, akwai dubbai a ajiye a Japan da Amurka cikin ɗakuna masu sanyi. Abin da ba wanda ke ajiyewa shi ne namu. Mu fa yawancinmu ba da Nintendo ta asali muka fara ba, da kwafinta muka fara, irin waɗanda ake ƙerawa a Taiwan da Chana, masu rawayen kaset da aka rubuta wa 9999999 a cikin ɗaya, ka kunna ka tarar wasa goma ne ake ta maimaitawa da suna daban-daban, wasu ma an yi musu jiki kamar PlayStation amma kaset suke ci. Mai tara kaya a Turai zai ce jabu ne ba shi da daraja. Amma wannan jabun shi ya fara saka pad a hannun yaran Nima da Mamobi da Sabon Zango da Aboabo. Daga nan aka zo zamanin gem senta, ɗan kiyos na katako, benci biyu, tibi uku, labulen buhu, ana biyan tsofaffin sidi kafin a canza kuɗi a 2007, wanda aka ci ya miƙa pad, malamin makarantar allo na leƙowa da bulala a watse ta taga. PlayStation ɗin da ke irin waɗannan wurare duk an yi musu tiyata a hannun masu gyara na Zongo Lane da Circle, an saka cif don su ci kofin faifai, an ƙara fanka, wata sai an kifa ta ko an jingine ta a tsaye kafin ido ya karanta, pad an ɗaure da salatif an canza waya sau biyar. Kowace ɗaya akwai hannun maƙerin Ghana a cikinta, babu irinta a wani gidan tarihi na duniya, kuma ita ce ta farko da ake miƙa wa ɗan kwandem sabida ta yi muni, ko mai firem ba ya so.

Dalilin a fili yake. A Zango mun iya ajiya, muna ajiye Alƙur'ani rubutun hannu na kaka, da kwalla da tasoshin Hajiya, da atamfar da ba a taɓa yankawa ba. Gem kuwa a idon iyayenmu kayan shiririta ne da ke hana yaro karatu da salla kan lokaci, wa zai ce a adana shiririta? Alhali tsarar da ta tashi da shi ita ce yanzu ke gyaran waya da kwamfuta a Tip Toe Lane, ita ce ke rubuta manhaja, daga cikinta aka samu masu ƙera gem na ƙasar nan irin su Eyram Tawia da ya kafa Leti Arts da abokinsa ɗan Kenya a 2009. Mun taɓa yin irin wannan asarar fa. Fastocin fim da masu zane ke yi da fenti a kan buhunan fulawa a shekarun 1980 da 1990, zamanin gidajen bidiyo, da aka daina yayinsu wa ya kula da su? Baƙi suka zo suka kwashe a arha, yanzu a gidajen nuna zane na Amurka da Turai ake sayar da su da dala. Gobarar da ta ci ɗakin ajiyar sauti da hotuna na GBC, gidan rediyo da talabijin na Ghana, a 1989 ita ma ta tafi da abin da ba zai dawo ba. Ina jin tsoron nan da shekara ashirin jikokinmu su tambaya yaya gem senta take, mu rasa ko benci ɗaya da za mu nuna.

Don haka ni inda na tsaya shi ne, ba na faɗa da mai firem, sharaɗi nake gindaya masa. Ka gwada kafin ka kwance, in kai ba ka iya ba kai wa mai gyara ya sa mita, in tana da rai ko ciwonta ƙarami ne ka bar ta, akwai yaron da zai yi farin ciki da ita, akwai mai saye ma da zai ba ka abin da ya fi kuɗin firem. In ta mutu murus, bari mai gyara ya fara cire abin da zai amfani wata, abin da ya rage naka ne, ai a bango ba mai sanin cif ɗin na aiki ko ba ya yi. Kar ka zuba gam mai ƙarfi a kan bod, ɗaure shi da siririyar waya ko sukuru yadda wata rana za a iya kwancewa. In ka ga wani abu da ba ka saba gani ba, baƙon launi, rubutun da ya ce ba na sayarwa bane, kaset mai lakabin hannu, tsaya ka ɗau hoto ka tambaya tukun. Kaset da memori kad kuwa kar a taɓa su sai an duba abin da ke ciki. Tsohuwar tibi mai ƙusumbi ma kar yaro ya ce zai buɗe ya yi tukunyar fure da ita, tana riƙe wuta mai kisa ko an cire ta daga soket, kuma gilashinta na da dalma.

Jiya da yamma na bi ta wurin Masta, sai na tarar da mai askin a can ya rage tsawo gaban tebur. Ashe akwai wata ƙaramar Game Boy a akwatin Hajiyar da ya yi niyyar yi wa firem na biyu, ita ya kawo. Masta ya goge wurin batir da tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit, ya kankare farin gishirin da bakin sukudireba, ya saka batir biyu, sai ga ƙarar nan "tilin" da duk wanda ya taɓa riƙe ta ya sani. Ya ajiye ta gefe, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya zaro masa matattu biyu da pad ɗin Sega da ya tsage, ya ce, "Ungo, je ka yi adonka da waɗannan, wannan kuma ka kai wa ƙanenka."

A cikin kwalin nan na hango wani baƙin memori kad na PlayStation 2, mai mega 8, an manna masa filasta an rubuta "senta" da biro. Masta ya ce wani mai gem senta ne da ya tashi ya bar masa tarkace tun shekarun baya. Na roƙe shi muka jona a wata da yake gyarawa. Yana nan da ransa. Ajiyar wasan ƙwallo ce a ciki, an goge sunayen kulob ɗin Turai an rubuta Hearts da Kotoko, an canza musu riguna, ƴan wasan kuma duk laƙabin yaran unguwa ne, wani an cika masa gudu har ƙarshe, wani an mayar da shi gola. Masta ya gyara tabarau yana karantawa ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan yanzu direban trotro ne, wannan yana Italiya, wannan Allah ya jiƙansa. Na ce masa gobe in sha Allahu zan zo da filas mu kwafe, ya ce in taho da biyu.